Zazzaɓin maigidana ya ƙi ƙarewa kuma ni ake zargi

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya jama'a. Daga Aboabo nan Kumasi nake rubuto miki, don Allah kada a faɗi sunana, dangin mijina duk suna jin shirin nan.

Jiya da daddare uwar mijina ta ce a gaban yarana wai ni na sa wa ɗanta hannu, wai ciwon nan ba na asibiti ba ne. Anti wallahi har yanzu jikina rawa yake. Ni da nake tashi tsakar dare ina jiƙa tawul ina goga masa, ni ke wanke zanin gadon da ya jiƙe sharkaf da zufa, ita kuwa sai dai ta aiko da rubutu da hayaƙi, ko sau ɗaya ba ta taɓa kwana a kansa ba. Dama tun auren ba ni ta so ba, 'yar ƙanwarta ta so ya aura, kowa ya sani.

Shi direban babbar mota ne, daga Tema yake ɗauko kaya zuwa Bolga har Wagadugu, a tasha yake kwana. Zazzaɓi ya kama shi ya sha Coartem, maganin maleriya, ya miƙe, bayan 'yan makonni ya dawo, ya sake sha ya sake dawowa, kuma gwajin yatsa na kemis wani lokaci ba ya nuna komai, to wannan ne Hajiya, uwar tasa, ta riƙe. Ni na matsa muka je asibiti da kuɗin adashina, aka duba jinin da kyau likita ya ce ƙwayar maleriya ce da ake kira ovale, ba irin da ake kira falciparum da ta fi yawa a Ghana ba. Ya ce ita da 'yar uwarta vivax suna ɓuya a hanta su yi barci makonni ko watanni, sai su farka ko sauro bai sake cizon mutum ba. Coartem na cikin jini kawai yake kashewa, na hanta sai wani magani primaquine kwana 14, amma sai an fara wani gwajin jini da ake kira G6PD don wasu mutane maganin yana fasa musu jini. Yana jin an ce fasa jini ya ce shi ba da shi ba, ko gwajin ya ƙi tsayawa, washegari ya hau mota.

Abin da ya hana ni barci shi ne likita ya ce duk lokacin da ta farka ta koma jini, in sauro ya cije shi zai ɗauka, bayan kamar sati biyu ya zuba wa wani. Mu kuma gidan haya muke, ɗaki na jikin ɗaki, ga kwata a bayan tagarmu ruwa ba ya tafiya, shi kuma ba ya shiga gidan sauro wai zafi. Makon jiya ƙaramar 'yata ta kwanta, har da amai. Ban ce shi ne ba Anti, amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Na manta ban faɗa miki ba ina da ciki, kuma an ce mai ciki ba a ba ta wannan magani na hanta, to in ta shige ni fa?

Na yi tunanin in kwashi yara in koma gidanmu a Asawase har sai ya sha maganin, amma in na tafi Hajiya za ta ce ga shi nan asirina ya tonu na gudu. In na kai ƙara wajen yayansa kuma ya ce na tona masa asiri. Shi da kansa da ta faɗi maganar nan yana zaune bai ce uffan ba, wannan ya fi ciwon ci mini rai. Anti ya zan yi da mutumin da ya ji an kira matarsa mai sammu ya yi shiru? Gobe Juma'a za ta sake zuwa, in gaishe ta ko in shige ɗaki?