Wasiƙa zuwa ga Mamana, a kan 'yan matan da kike tarawa

Assalamu alaikum, Mamana.

Ya Zariya, ya sanyi? Mu nan alhamdu lillahi, sai ƙafar Babanku da ta sake motsawa, amma da sauƙi.

Ƙanwarki ta nuna mini hoton da kika sa a waya: ke da 'yan mata a kan tabarma, wasu na saƙa, wata na gwada zanen lalle a takarda, wata ta duƙufa a kan littafin rubutu. Ta ce duk Asabar kuke haɗuwa, hannu na aiki, baki na maganar ciwon damuwa. Babanku ya leƙo ya ce, "Wannan kuma wane sabon salo ne?" Ban tanka masa ba. Da ya fita masallaci na daɗe ina kallon hoton, don akwai abin da ban taɓa gaya miki ba.

Da na yi haihuwar fari na tafi wankan gida. Ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa, gasasshen nama, ba abin da aka rage ni da shi. Amma barci ya ƙaurace mini. Jariri na tsala kuka, ni kuwa ina kallonsa kamar ɗan maƙwabta. Aka ce iska ce, aka yi hayaƙi. Aka ce baki ne, na sha rubutu. Wata 'yar barka har cewa ta yi, "Allah ya ba ki ɗa namiji, me kuma kike nema?" Daga ranar na kulle bakina.

Gwaggo ce ta zo da hular da aka riga aka zana, da allura da zare, ta ce in taya ta cike fure ɗaya, idonta ya yi rauni. Ƙarya take yi, idonta ya fi nawa. Kwana uku muna ɗinki a tsakar gida ba ta tambaye ni komai ba. A na huɗu, kaina a sunkuye, na ji bakina ya ce, "Gwaggo, ni fa da ma in kwanta kada in farka." Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kira kowa ba. Ta soke allurarta a jikin hular, ta riƙe hannuna. Washegari ta sa aka kai ni asibiti. Likita ya ce ciwon damuwa ne na bayan haihuwa, mata da yawa na yin sa, kuma yana da magani. Na sha maganin watanni kafin na dawo daidai.

Kin ga dai na san abin da kike yi tun kafin a haife ki. Mace ta fi iya faɗin cikinta idan idonta na kan aiki, ba a kan fuskar mai sauraro ba. Sai dai ki riƙe wannan da kyau: hular nan bakina ta buɗe, ba ita ta warkar da ni ba. Ke ba likita ba ce. Ran da wata yarinya ta faɗi irin maganar da na faɗa, ko ta daina ci da barci, ko ta ce tana jin muryoyi, ranar aikin saƙa ya ƙare. Asibitin koyarwa na Shika yana gefenku, asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ma ba nisa. Ki san hanyarsu tun yanzu, ki nemi wani babba a gidan su yarinyar da zai raka ta. Mu nan Kano an mayar da sunan asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau abin zolaya, shi ya sa mutane ke ɓoye mara lafiya a ɗaki har abu ya lalace. Sai a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 wadda Bature ya bari. Doka ta canja, bakin unguwa bai canja ba tukuna.

Shi ya sa hoton nan bai kwanta mini ba, duk da na ji daɗinsa. Fuskokinsu a fili suke. Kin san yadda ake binciken aure a wurinmu. Mutum ɗaya ya ce "ai tana zuwa taron masu taɓin hankali," shi ke nan an gama da yarinya. Ki cire shi, ko ki sa na hannuwa da zare kawai. Kuma na san ki da son rubutu. Labarin da aka ba ki cikin kuka ba naki ba ne, ko da kin canja suna da gari. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. In mai labarin ta so, ta rubuta abinta da hannunta, ke ki gyara mata.

Abin da suka saƙa, in an sayar, kowacce a damƙa mata kuɗinta a hannu, a rubuta a littafi. Yarinyar da ke sayen sabulunta da kanta ba kowa ke taka ta ba.

Masu cewa baƙon abu kika ɗauko, kada ki yi musu da su, balle da malamai. Addu'a da magani ba kishiyoyi ba ne, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a nemi magani. Ki tuna musu da Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864. Ita ma mata ta tara, 'Yan Taru, ta naɗa musu shugabanni mata da ake kira jaji, da malfa a ka, suna bin ƙauyuka suna koyar da 'yan uwansu da waƙoƙi. Wannan amsar ce na tanadar wa Babanku, ina jiran ya ci tuwon dare.

Ke kuma fa? Muryarki ranar Juma'a ba ta yi mini ba. Mai sauraron kukan mutum goma, ita ma tana bukatar inda za ta sauke. In Asabar ta zo kin gaji, ki ce kin gaji. Ki kira ni ko da tsakar dare ne.

Na aiko miki da zaren saƙa daga Kurmi, da yaji da kuka. A ƙasan ledar za ki ga tsohuwar hula, furenta ɗaya a karkace. Nawa ne. Kada ki wanke ta, zaren ya tsufa.

Ki gaida 'yan matan naki. Allah ya yi miki albarka.

Ummanki