Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Muhalli: Baturiya Ruwa Take Nema

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri.

A Disambar 2020 ma'aikatarka ta sanar da cewa shugaban ƙasa ya amince da sababbin gandun daji na ƙasa guda 10, har da Falgore a Kano, Kogo a Katsina, da dausayinmu na Baturiya a Jigawa. Mun yi murna. Tun 2008 Baturiya take cikin jerin dausayoyin Ramsar, wato dausayoyin da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta amince suna da muhimmanci ga duniya, ga tsuntsayen Turai da ke sauka duk hunturu, ga dinya da zalɓe. Zaɓin ya dace.

Sai dai dausayi ba da shinge yake rayuwa ba, da ambaliya yake rayuwa. Kai ma ka san tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara da ta Challawa a 1992, kogin Haɗejia ya daina halinsa na dā, wato ya cika ya malala da damina, ya janye da rani. Yanzu ruwan yana tsiyaya shekara cur, kaɗan-kaɗan, kuma irin wannan ruwa ciyawar kacala take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, wani wuri ya nutse, wani ya ƙafe ƙayau. Ka shiga kwalekwale ka gani: masunci ya ajiye filafili yana sara da adda, kacala ta fi shi tsawo, da magariba kuma jan-baki su taso daga cikinta kamar hayaƙi su nufi gonakin shinkafa. Shin allon da aka rubuta sunan gandu a kai ne zai buɗe waɗannan hanyoyi? Ko tsuntsun zai karanta takardar gwamnati ya sauka a kan busasshiyar laka?

Na san makullin madatsun ba a hannunka yake ba, yana ɓangaren albarkatun ruwa. To ai majalisa ɗaya kuke zama da ministan ruwa. Don Allah ku zauna ku tsayar da lokacin sakin ruwa duk shekara, a rubuce, yadda mutanen Kirikasamma da Guri za su san ranar.

Akwai batun masu saran itace, da makiyayan da ya kamata a ji ta bakinsu kafin a ja iyaka, da dausayin Dagona can Yobe da take shan ruwan kogi ɗaya da mu. Waɗannan ma zo kansu. A fara da ruwan.

Naka,
Wani ɗan yankin Haɗejia