Takardar Koke Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tahoua Kan Ƙona Ganyen Bedi a Cikin Gari

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Tahoua,
ta hannun mai unguwarmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu talakawanka ne, magidanta da matan gida da masu garka, mazauna unguwa ɗaya a cikin garin Tahoua. Mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa mun yi shawara, muka ga babu inda za mu kai kukanmu sai wurin uban ƙasa. Maganar ganye ce ta kawo mu, ranka ya daɗe, kuma muna roƙon kada a raina ta don jin sunanta.

Kowace shekara, daga tsakiyar ɗari har zafi ya kunno kai, itacen bedi, wato dogon yaro, yana zubar da ganye. Kusan kowane gida a unguwarmu akwai shi, a tsakar gida ko a ƙofa, iyayenmu suka dasa, mu ma muna ƙarawa duk ranar 3 ga Agusta da ake dashen itatuwa. Mata su share da safe, kafin la'asar ƙasa ta sake rufewa. Da yake ba su da wurin kai sharar, sai a tara ta a bakin hanya a cinna mata wuta gab da magariba. Ganyen kuwa ba shi kaɗai yake ci ba: da leda a ciki, da tsummokara, da tsofaffin takalman roba. Wutar ba ta ci ta ƙare nan da nan, turnuƙewa take yi har bayan isha'i. Hayaƙin ya haɗu da ƙurar hunturu ya kwanta a kan gidaje, ya shiga ɗakunan da jarirai suke. Muna da tsofaffi masu ciwon asma da suka daina fita sallar magariba a masallaci saboda shi, kuma babu gidan da ba a kwana ana tari. Ga iskar wannan lokaci, ga dangar kara da rumfunan harawa. Bana wuta ta kama dangar wani gida a layinmu, Allah ya sa matasa suna kusa suka kashe.

Ba mu ɗora wa matan laifi ba. Tarin ganye a gida maɓoyar kunama ce, kuma wanda aka watsa a lambatu shi ke toshe hanyar ruwa idan damina ta faɗi. Akuya ma ba ta damu da busasshen bedi ba saboda ɗaci.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne, wannan da ake ƙonawa shi ne ƙasarmu take nema. Ranka ya daɗe, ka fi mu sanin Adar. Mutanen nan ne suka farfaɗo da faƙo da ramukan tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama, a wajen Illela da Badagishiri, kuma tun 1984 aka soma aikin raya ƙasa a Keita, mata na ɗaukar duwatsu a ka. Duk wanda ya taɓa haƙa tassa ya san rami ba taki wahalar banza ce. Ɗan takin da aka zuba shi ke jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa ruwa ya samu hanyar shiga. Manomi ba ya sare gawo a gonarsa, domin ya ga yadda hatsi yake yi a ƙarƙashinsa, inda ganyen ya zuba da farkon damina ya ruɓe. To me ya sa ganyen cikin gari zai tashi a hayaƙi, alhali masu garkar albasa da kabeji da salati suna kuka da tsadar takin zamani?

Yin takin ba wuya. A haƙa rami, a shimfiɗa ganye, a bi shi da kashin awaki ko na shanu, a barbaɗa toka kaɗan, a yayyafa ruwa, a sake wani shimfiɗin har rami ya cika, a rufe. Bayan mako biyu-biyu a juya. Cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙar ƙasa mai laushi, daidai lokacin shirin gona. Wasu daga cikinmu sun gwada a garkarsu sun gani. Mun san za a ce ruwa fa, a Tahoua, da rani? Mu ma mun yi wannan tunani. Ba ruwan sha ake buƙata ba. Ruwan alwala da ke malala a ƙofar masallacinmu sau biyar a yini, da na wankin hatsi, sun isa su jiƙa rami idan an tara.

Saboda haka muke roƙon Mai Martaba ya umurci masu unguwanni da limamai su yi shela a daina cinna wa shara wuta a bakin hanya, musamman da maraice. Maganar Sarki ta fi tamu shiga kunne. Amma hani ba tare da wurin zubarwa ba ba zai ɗore ba, don haka muna roƙon ka sa baki wajen ma'aikatar magajin gari a ware mana ɗan fili a gefen unguwa, nesa da gidaje, inda za mu haƙa ramuka. Haƙar da tsince leda daga cikin ganye mun ɗauka a kanmu, matasanmu sun yarda, masu amalanken jaki biyu kuma sun ce za su riƙa zagayawa gida-gida. In da hali, a haɗa mu da malamin gona ko ma'aikacin gandun daji ya duba ramin farko. Takin da ya fito za a raba wa gidajen da suka kawo ganye, saura a sayar wa masu garka a biya masu amalanke.

Muna fatan samun amsa kafin ganyen bana ya gama zuba. Allah ya taimaki Sarki.

Talakawanka masu biyayya,
magidanta, matan gida, matasa da masu garka na unguwarmu, Tahoua.
Sa hannu da dangwalen yatsa suna a takardar da ke haɗe.