Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Kurt Okraku, Shugaban Hukumar Ƙwallon Ƙafa Ta Ghana

Ranka ya daɗe, barka da aiki, barka kuma da samun gurbi a gasar cin kofin duniya ta 2026. Mu mutanen Nima mun fi kowa rawar kai, tunda ɗan unguwarmu Mohammed Kudus ne ya jefa wa Comoros ƙwallon da muka yi bikin tafiya da ita. Gaisuwa ta isa haka, don ba ita ta sa na ɗauki alƙalami ba.

Maganar Thomas Partey ce, kuma ka fi ni saninta. A watan Yulin 2025, kwanaki kaɗan bayan kwantiraginsa da Arsenal ya ƙare, masu gabatar da ƙara a Ingila suka tuhume shi da laifin fyaɗe guda 5 da na cin zarafi ta hanyar lalata guda 1, a kan mata 3, tsakanin 2021 da 2022. Ya musanta duka a gaban kotun Southwark a watan Satumba. Ban ce ya aikata ba, kuma duk wanda ya ce ya aikata kafin alƙali ya yi magana ya yi azarɓaɓi. Ban ma zo neman ka kore shi daga Black Stars, ƙungiyarmu ta ƙasa, ba. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake yayyaga mutuncin matan nan uku a bakin magoya bayan ƙungiyar da kake shugabanta, da rigar ƙasa a jikinsu, har yau kuma kunnena bai ji ka tsawata musu ba.

Ka sa wani yaronka ya shiga gidan kallon ƙwallo a Nima ko Sabon Zango ranar da Ghana ke wasa. Da kyamara ta hasko Partey sai ɗaki ya ɗauki shewa. Wani ya ce kuɗinsa suke so. Wani ya ce me ya kai su gidansa tun farko. Wani dattijo da furfura a gemunsa ya gyara zama ya ce, ai in ɓera da sata, daddawa ma da wari, aka fashe da dariya. A bakin ƙofa kuwa ga yarinya mai tallar ruwan leda da faranti a kai, tana jiran canji, tana jin komai. Yara maza 'yan firamare da ke leƙe ta taga su ma suna ji. Da an tashi sai a kwashe zancen a kai Facebook da TikTok, a ƙara masa gishiri, a shiga neman sunayen matan da hotunansu.

Ni malamar makaranta ce, na san yadda yaro ke koyon abu. Ba daga allo yake ɗauka ba kawai. Abin da yaron taga ya koya ranar shi ne, in kana da suna da kuɗi kuma ƙafarka ta iya taka leda, duk macen da ta kai ƙararka maƙaryaciya ce tun kafin ta buɗe baki. Mai tallar ruwa ita ma ta koyi nata darasin, kuma ranar da wani abu ya same ta, Allah ya kiyaye, kada a tambaye ta me ya hana ta zuwa ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda da ke karɓar ƙorafin fyaɗe da cin zarafi a gida.

Na san amsar da za a ba ni: mutum ba shi da laifi har sai kotu ta tabbatar. Gaskiya ne, haƙƙinsa ne, babu mai ƙwace masa. Amma a wane littafin shari'a aka rubuta cewa wannan ƙa'ida ta mayar da mai ƙara maƙaryaci? Shi ba a tabbatar ya yi ba, su ma ba a tabbatar sun yi ƙazafi ba. Mu da muke zaune a Accra ba mu ga shaida ko ɗaya ba, amma mun riga mun wanke ɗaya mun ɗaure uku.

Kullum sunan Benjamin Mendy, tsohon ɗan wasan Manchester City da aka tuhuma da fyaɗe, ake jefo min. E, kotu ta wanke shi a 2023 bayan sana'arsa ta lalace, kuma abin tausayi ne. To me ya sa ba a taɓa jefo sunan Robinho, ɗan wasan Brazil? Shi ma ya musanta, shi ma yana da masu rantsuwa a kansa. Kotun Italiya ta yanke masa shekara 9 kan fyaɗen taron dangi da aka yi wa wata mata a Milan a 2013, kuma tun Maris 2024 aka kulle shi a Brazil. Duk wanda ya tuna ɗaya ya manta ɗaya, ba adalci yake nema ba, ɗan wasansa yake karewa.

Akwai kuma abin da ya kamata ka gaya wa yaranmu ko don tsira da kansu. Dokar Ingila ta 1992 ta haramta bayyana sunan wadda ta kai ƙarar fyaɗe har ƙarshen rayuwarta. A shari'ar fyaɗe ta ɗan ƙwallo Ched Evans a 2012, mutum 9 ne kotu ta sa su biya diyyar fam 624 kowannensu saboda sun wallafa sunan matar a intanet, kuma wanke shi da aka yi a 2016 bai goge musu laifinsu ba. 'Yan Ghana nawa ne ke zaune a Landan suna yaɗa abin da ake turo musu daga gida?

Ranka ya daɗe, ka hau kujerar nan a 2019, bayan badaƙalar da ta yi awon gaba da tsohon shugaban hukumar Kwesi Nyantakyi, ka yi mana alkawarin dawo da ƙaunar ƙwallo a zukatan 'yan Ghana. Ashe ƙaunar ta maza ce kawai? A watan da aka tuhumi Partey, a watan ne Black Queens suka ciyo mana tagulla a gasar mata ta Afirka a Maroko. An yi musu tafi, an ɗauki hotuna. Madalla da hotuna. Amma uwar da ke zango, wadda da ƙyar ake lallashinta ta bar 'yarta ta je filin atisaye, ba hoto take kallo ba. Tana kallon abin da ke samun mace in ta yi ƙorafi a kan namiji mai suna a harkar nan.

Don Allah, ba abu mai wuya nake roƙo ba. Ka fito da bakinka, ba ta takardar da jami'in yaɗa labarai zai sa wa hannu ba, ka ce hukumar na mutunta kotu, kuma duk mai zagin matan nan ko mai farautar sunayensu ba da yawun Black Stars yake yi ba. A faɗe shi da Turanci da Twi da Ga da Ewe da Dagbani da Hausa, a gidajen rediyon da ake sauraren sharhin wasanni. Sannan hukumar ta rubuta doka ɗaya a kan abin da za a yi da duk ɗan wasa ko koci da aka gurfanar kan irin wannan tuhuma, a buga ta kowa ya gani, ta hau kan tauraro kamar yadda za ta hau kan yaron da ke buga ƙaramin rukuni a Tamale. Yanzu dai kowa na zargin cewa gwanintar mutum ce ke yanke masa hukunci.

Akwai batun inda yarinya 'yar wasa za ta kai kuka in koci ya matsa mata, da batun masu sharhi a rediyo da ke hura wutar, amma sai wani jiƙon.

Ƙuri'a ta haɗa mu rukuni ɗaya da Ingila, ƙasar da ake shari'ar. 'Yan jaridarsu za su yi maka wannan tambaya a gaban kyamara, ko ka so ko ka ƙi. Gara mu ji amsarka a gida kafin su ji ta.

Wassalam,
Wata malamar makaranta daga Nima, Accra