Wasiƙa zuwa ga Ummi kan maganar digiri na biyu

Tudun Wada, Zariya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ummi, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ya aiki, ya zaman Abuja? Mu nan lafiya lau muke, alhamdu lillahi. Mahaifiyarki da ƙannenki duk suna gaishe ki.

Takardar gurbin karatun da kika turo ta WhatsApp, na sa ƙaninki ya buga mini ita, na karanta tun daga sama har ƙananan rubutun da ke ƙasa. Na yi farin ciki ƙwarai. Jami'a a Ingila ta duba sakamakonki ta ce kin cancanci ki yi digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa, wannan abin godiya ne ga Allah. Amsata kuma ga ta tun da wuri, don kada ki yi ta zullumi: ina son ki yi wannan karatu, ina so ƙwarai. Amma ban yarda a sayar da gonar Shika saboda shi ba, kuma ban yarda ki ci bashi mai ruwa ba, ko na banki ko na wani mutum. Ki yi haƙuri ki karanta dalilina har ƙarshe.

Abin da suka kira tallafi a takardar nan rangwame ne. Kuɗin makaranta fam 20,000 ne, sun rage miki 3,000, saura 17,000. Idan an yi lissafin fam ɗaya a kan naira 2,000, miliyan 34 ke nan, kuma ba a yi maganar ɗakin kwana ba, ba a yi maganar abinci ba. Akwai kuɗin biza, akwai kuɗin asibiti da ake karɓa wurin ɗalibai tun kafin su shiga ƙasar, fam 776 a shekara, akwai kuɗin jirgi da kayan sanyi. Kafin a ba ki biza sai kin nuna kuɗin makaranta da na zaman wata tara suna ajiye a asusu kwana 28 a jere. Na san akwai masu zuba wa mutum kuɗi a asusunsa na ɗan lokaci, a biya su lada, su kwashe abinsu bayan an sami biza. Wannan yaudara ce, ba za mu fara neman ilimi da ita ba. Wanda ya yi haka kuma yakan sauka ƙasar mutane hannu rabbana, yana dogaro da aikin awa 20 a mako da doka ta yarje wa ɗalibi, wanda da ƙyar yake biyan haya, balle kuɗin makaranta.

Ko da gonar ta kai wannan kuɗi, ba ta kai ba, akwai abin da ya fi ƙarfin lissafinmu. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Farkon 2024 ta haura 1,500. Mutanen da suka tafi da kuɗin da ya ishe su daidai, sai suka wayi gari abin da ke asusunsu bai kai rabin abin da ake bin su ba. A 2024 ɗin har labari ya karaɗe kafafen yaɗa labarai na ɗaliban Nijeriya a wata jami'ar Ingila da aka dakatar da karatunsu, aka ce su bar ƙasar, saboda sun kasa cika kuɗin makaranta. Yara ne masu ƙoƙari, iyayensu kuma sun yi iya yinsu. Gonar nan ita ke ba mu masarar da muke ci, ita ke biyan kuɗin makarantar ƙannenki uku, kuma bayan raina suna da haƙƙi a cikinta kamar yadda kike da shi. Ba zan iya ɗora ta a kan farashin canji ba.

Yanzu ga tambayar da na fi so ki zauna ki amsa wa kanki: wane aiki kike so ki yi da wannan digiri? Na ji kina cewa diflomasiyya. To, Ma'aikatar Harkokin Waje ba ta ɗaukar mutum don ya yi karatu a Landan. Ta hannun Hukumar Ɗaukar Ma'aikatan Tarayya ake shiga, idan an buɗe ɗauka, kamar sauran aikin gwamnati. Mai digiri na farko yana farawa a mataki na 8, mai digiri na biyu a mataki na 9, ko a ina ya yi shi. Daga nan ma'aikatar ce ke horar da jami'anta da kanta. Ki ɗauki albashin mataki na 9 ki auna shi da miliyan 34, ki ga shekara nawa za a yi kafin a biya. Idan kuwa koyarwa da bincike kike so, to digirin da ake rubuta kundin bincike sosai kike buƙata, wanda zai buɗe miki ƙofar digirin digirgir. Idan ƙungiyoyi ne irin su ECOWAS da Tarayyar Afirka da Majalisar Ɗinkin Duniya, abin da suka fi dubawa shi ne me kika iya, shekara nawa kika yi kina yin sa, da kuma harshe nawa ne a bakinki.

Maganar harshe ita ce wadda nake so ki riƙe da hannu biyu. Ƙasashe huɗu muke iyaka da su ta ƙasa, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma dukkansu da Faransanci suke gudanar da harkar gwamnati. Hukumar Tafkin Chadi, wadda aka kafa a 1964, a Njamena take. Hukumar haɗin gwiwar Nijeriya da Nijar a Yamai take. Dangin mahaifiyarki na Maraɗi da Hausa muke gaisawa da su, amma takardar da jami'in kwastan zai miƙa musu a bakin iyaka da Faransanci aka rubuta ta. Yarinyar da ke da Hausa da Turanci da ɗan Larabcin da kika samu a Islamiyya, idan ta ƙara Faransanci mai kyau, ta mallaki abin da da yawa daga masu dawowa da digirin Turai ba su da shi. Kuma kuɗin koyonsa bai kai kuɗin tikitin jirgi ba. Akwai Alliance Française a Kaduna da Kano, a Abuja ma akwai cibiyar Faransa da ke koyarwa. Ki fara a wannan watan, ni zan biya.

Ki kuma duba abin da ke faruwa a ƙofar gidanmu. Bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yuli, 2023, ECOWAS ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki. Jihohi bakwai ne na Arewa ke kan wannan iyaka, daga Kebbi har Borno. Manyan motoci suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari, kayan gwari suna ruɓewa a cikinsu. Maƙwabcinmu mai fataucin dabbobi, na ga yadda ya koma zaman ƙofar gida da rediyo a kunne, yana jiran a ce an buɗe, yaransa biyu masu kora masa shanu ya sallame su. Sai a watan Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A watan Janairu na 2025 kuma ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS ta tabbata, ƙungiyar da aka kafa a Legas a 1975. Ummi, wannan fa shi ne fannin da kike son karantawa, a fili, ga shi yana taɓa farashin wake da dabino a kasuwar Sabon Gari. Masana daga Turai kuɗi suke nema su zo su yi bincike a kansa, su ɗauki tafinta. Ke kuwa motar Katsina kawai za ki hau. Idan kika mai da wannan abin bincikenki, kika san shi ciki da bai, to ko wurin masu ba da tallafi ma kina da labarin da ba kowa ke da shi ba.

Kada ki ɗauka ina ƙin karatun waje ne. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande a nan Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ya yi digirinsa na farko a kimiyyar siyasa, ya gama a 1979, sannan ya tafi Boston a Amurka, ya wuce Toronto a Kanada. Ya dawo ya yi shekaru yana koyarwa a Sakkwato har ya shugabanci jami'ar, ya riƙe cibiyar nazarin manufofin ƙasa da ke Kuru, kafin a 2019 ya zama shugaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Shekara 40 tsakanin barinsa Samaru da hawa wannan kujera. Farfesa Ibrahim Gambari a Landan da New York ya yi karatu, ya koyar a nan Zariya, ya zama ministan harkokin waje a 1984. Fita waje tana ƙara wa mutum ilimi da gogewa da sanin mutane, ban musa ba. Abin da nake so shi ne ki fita da kuɗin masu ba da tallafi na gaskiya, hankalinki kwance, ki zauna a laburare maimakon ki kwana kina aikin dare.

Irin wannan tallafi kuwa akwai shi. Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan kuɗin makaranta da jirgi da alawus na wata-wata. Suna son mutum ya yi aiki na shekara biyu, ya kuma yi alkawarin dawowa ƙasarsa ya zauna shekara biyu bayan karatu, kuma wajen watan Agusta suke buɗewa. Aikin da kike yi yanzu shi zai cika miki wannan sharaɗi, shi ya sa ba na son ki yi gaggawar ajiye shi. Akwai na Commonwealth da ake nema ta Hukumar Tallafin Karatu ta Tarayya, akwai DAAD na Jamus, akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, akwai na gwamnatin Turkiyya. Wanda ba a cika magana a kansa ba, kuma ya fi kwanta mini a rai, shi ne Jami'ar Pan African ta Tarayyar Afirka. Reshenta na Yawunde a Kamaru yana ba da digiri na biyu kan shugabanci da haɗewar yankuna, da tallafi, a garin da za ki wuni kina jin Faransanci. Duk waɗannan da kanki za ki nema, a shafinsu, ba a biyan kowa ko kwabo. Wannan ejan da ke matsa miki ki biya kuɗin kafin alƙalami kafin ƙarshen wata, ki sani yana da kamasho a kan kowane ɗalibi da ya kai. Masu nema suna da yawa, ana iya hana ki a karon farko. Sai ki gyara takardunki ki sake nema.

Idan kuma kika zaɓi gida, wannan ina iya ɗaukar nauyinsa daga fanshona da kuɗin masara, ba tare da na roƙi kowa ba. Sashen kimiyyar siyasa da nazarin ƙasa da ƙasa na nan Samaru yana da iri biyu, ki bambanta su. Akwai MIAD, wato digiri na biyu a harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya, wanda aka tsara domin ma'aikata, ya fi sauri. Akwai M.Sc. na bincike, ya fi ɗaukar lokaci, amma shi ne hanyar digirin digirgir. Jami'ar Ife ma tana da tsohon sashe na wannan fanni. Karatun gida yana da nasa ciwon kai, kin sani: yajin aikin 2022 wata takwas ya ci, kuma a jami'o'inmu kundi yakan daɗe a teburin malami. Don haka malamin za ki zaɓa kafin sunan makaranta. Ki shiga Laburaren Kashim Ibrahim, ki nemi kundayen ɗaliban sashen na 'yan shekarun nan. A shafin farko za ki ga lambar rajista, tana nuna shekarar da ɗalibi ya shiga, a ƙasa kuma ga shekarar da ya gama, ga sunan malamin da ya duba shi a ciki. Idan kika jera guda goma sha wani abu a kan tebur, za ki gane wane malami ne ɗalibansa ke fita a kan kari, wane ne kuma ke aiki a kan iyaka da tsaro da yankin Sahel. Sannan ki nemi biyu daga cikin ɗaliban ki ji ta bakinsu. Wannan binciken ki yi wa jami'ar Ingilar ma: wa zai koyar da ke, me ya rubuta a kan Afirka ta Yamma, waɗanda suka gama bara ina suke yanzu.

Akwai magana ɗaya da mahaifiyarki ta ce lallai in taɓo. Yaron da magabatansa suka zo gaisuwa, ki gaya masa shirinki tun yanzu, dalla-dalla. Tun watan Janairu na 2024 Birtaniya ta hana masu digiri na biyu irin na aji tafiya da miji ko mata, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Gara ku san inda kuka dosa kafin a sa rana. Ni dai na riga na shaida wa kawunsa cewa karatunki yana cikin sharaɗina.

Abin da za ki yi a wannan makon: ki rubuta wa jami'ar ki roƙa su ɗage miki gurbin zuwa baɗi, da yawa suna yarda, kuma kada ki tura wa kowa ko sisi. Ki fara neman takardar cikakken sakamakonki tun yanzu, don fitar da ita tana cin lokaci, ki kuma tuntuɓi malamanki biyu da za su rubuta miki takardar shaida. Kuɗin fasfo da na jarrabawar Turanci, idan an buƙace ta, suna wuyana. Idan kin samu hutun ƙarshen wata ki zo gida, akwai wani tsohon abokina da ya yi ritaya daga aikin jakadanci, yana zaune a Kaduna, ya ce in kai ki ku tattauna. Ki yi istihara kafin ki taho.

Allah ya yi miki albarka, ya zaɓa miki abin da ya fi alheri, ya tsare ki a duk inda kike.

Wassalam,
Mahaifinki