Daga amai zuwa ranar suna, ina aka bar wata tara?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba mu fili mu yi magana da marubuta finafinan Hausa da masu littattafan soyayya.

Kowa ya san yadda ake nuna ciki da haihuwa. An kai amarya 'yar shekara 15 ko 16, ta yi amai sau ɗaya, likita ya ce wa ango albishirinka, sai kawai a ga an yi anko ana liƙi ranar suna, mai jego fes da lalle. Yarinyar da ta taso da wannan kallo, ga hotunan ƙananan matan aure a TikTok, gani take haihuwa ba ta wuce kayan barka ba. Wadda kuma ta yi ciki ba aure, korar kare ake nuna mata, shi ya sa irinta ke ɗaure ciki da zane har wata bakwai ba ta taɓa zuwa awo ba. Dukansu biyun jiki ɗaya gare su, jikin da bai gama girma ba.

Ƙugun yarinya yana ci gaba da buɗewa shekaru bayan ta fara al'ada. Idan kan jariri ya fi hanya, sai ya tokare, ya danne mafitsara a jikin ƙashi, jini ya daina isa wurin. Naƙudar kwana biyu ta isa naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya ɓule, fitsari ya riƙa zuba ba tsayawa. Yoyon fitsari ke nan, kuma galibi jaririn ma ba a samunsa da rai. Ba sai an je nesa ba: cibiyar ƙasa ta gyaran wannan lalura tana nan Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan Holan, Kees Waaldijk, ya shafe shekaru yana aiki. Yankan gishiri da ake yi wai don a buɗe hanya ba ya ƙara faɗin ƙashi, sai dai ya ƙara wani ramin.

Sai jijjiga, wadda ta fi kama masu cikin fari. Da hawan jini take farawa, awo ya kai 140 bisa 90, ga ciwon kai mai naci, kumburin fuska da hannu, gani dishi-dishi. In mai ciki ta faɗi tana taune harshe, a fim sai a kira masu ruƙiyya. Addu'a ba ta hana magani. Asibiti akwai allurar da ke tsayar da ita.

Abin da muke so a gani a allo kaɗan ne. A nuna yarinya ta fara awo kafin ciki ya wuce wata uku, kunyar cikin fari ko babu. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da zuwa awo sau takwas maimakon huɗu. A nuna tana shan maganin ƙarin jini kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro daga wata na huɗu, aƙalla sau uku, wata guda tsakani. A nuna miji ya bar izini da kuɗin mota tun kafin ya tafi ci-rani, domin awannin da ake ɓatawa wajen jiran izininsa su ne ke cin mace. Idan an kai ta goyon ciki ƙauye, a san asibitin da ke yin tiyata mafi kusa da wanda zai ba da jini.

Kuma don Allah a daina yabon wadda ta danne naƙuda ba ta yi ko tari ba. A sa wata goggo a labarin ta duba agogo, ta ce awa goma sha biyu ta cika, a fito da mota.

Naku,
Wasu ungozomomi da ma'aikatan jinya, Katsina