Wasiƙa daga Garwa: Ranar da aka yi wa Yaya aiki ba da saninmu ba

Garwa, Kamaru

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, sanyin Faransa kuma ya sassauta muku. Mu nan zafi ya buɗe, Binuwai ta ja baya har yara na buga ƙwallo a kan yashinta.

Ka gafarce ni da shirun da na yi. Yaya ne ya yi haɗarin babur yana dawowa daga kasuwar Pitowa. Waɗanda suka tsince shi ba su san shi ba, wayarsa kuma ta farfashe, suka kai shi asibiti a sume. Kafin labari ya iso gida bayan isha'i, har an cire masa saifa, ta fashe tana zubar da jini a ciki.

Ka san Baffa. Muna isa ya hau faɗa, wai da izinin wa aka farke cikin ɗansa? Likitan ya ce, "Alhaji, da na jira ku, da gawa za ku tarar." Baffa ya haɗiye sauran maganarsa.

Rigimar gaske a kan ƙafa ta tashi. Ƙashin ƙaurinsa na dama ya dagargaje, likitoci na ganin da wuya ta tsira, amma ba su taɓa ta ba. Baffan da ya gama faɗa jiya, shi ne yau ke cewa a yanke a huta. Likita ya ce, "Ina matarsa?" Wallahi wannan tambayar ta fi aikin jiya ƙona wa Baffa rai. A gabansa, shi ƙanin uba, a nemi bakin suruka!

Ni ma na ɗauka raini ne, sai da wani lauya maƙwabcinmu ya buɗe mini kundin dokar laifuka na 2016. Sashe na 286 ya ce wuƙar likita ba ta zama laifin jikkata mutum idan da yardar majiyyaci. In ba ya cikin hayyacinsa, sai a nemi yardar wanda ke riƙonsa ko ta abokin aurensa. Hanya ɗaya aka bar wa likita ya wuce su: idan neman su zai jefa majiyyacin cikin haɗari. Sashe na 283 kuma na hukunta wanda ya ga rai na halaka ya ƙi kai ɗauki alhali yana iyawa. Ka ga ke nan, daren farko dokar ce ta tura shi, washegari ita ce ta riƙe masa hannu. Na ce da lauyan, to mai mata biyu fa, uwargida ko amarya? Ya yi dariya ya ce sashen bai bambanta su ba. Allah Ya taimake mu Yaya ɗaya gare shi.

Matar Yaya kuwa, da aka kira ta, kanta a sunkuye ta tambayi abin da babu wanda ya tambaya a cikinmu: in an jira kwana biyu, zai mutu? Likita ya ce za su sa ido, amma da zarar ƙafar ta fara ruɓa ba zai sake jiran kowa ba. Ta ce to a jira, tela ne, da ƙafar nan yake taka keke, ba za ta so ya farka ya tarar ta sa hannu an raba shi da ita ba.

A rana ta uku ya farfaɗo. Aka yi masa bayani, ya nemi dare guda, ya yi istihara daga kwance, da safe ya ce a yanke. Baffa na ta cewa ai abin da ya faɗa ke nan tun farko. Ban tanka masa ba, amma a raina ba ɗaya ba ne. Na ga yadda Yaya ke kallon dungun ƙafarsa: akwai baƙin ciki, amma ba ya riƙe kowa a zuci.

Na ji cewa a can wurinku, tun dokar 2002, mutum na iya rubuta sunan amintaccen da za a tuntuɓa in ya kasa magana. Kai ka cike takardar? Wa ka sa? In da hali ka aiko mini da samfurinta in gani. Ka kuma duba mini kuɗin keken ɗinki mai lantarki, ko da wanda aka yi amfani da shi ne, don Yaya har ya fara zancen komawa shago.

Inna na gaishe ka, ta ce ka daina yi mata alkawarin zuwa Sallah. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
amininka na Garwa